Kuɗin adashena ne: in sayi ƙaramar kwamfutar girke ko in bi zaɓin maigida?

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata makarantar firamare mai zaman kanta a Unguwar Rogo, nan Jos, kuma ni ke riƙe da littafin adashen matan layinmu, mu 42. Duk ƙarshen zango ni nake rubuta tambayoyin jarrabawa na Hausa da Larabci da lissafi, in kai shagon buga takardu, in biya, in dawo gida in tarar an cinye min ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ. Watan jiya na kwashi adashe, na ware naira dubu 400 don sayen kwamfuta. Wani mai shago a titin Ahmadu Bello ya nuna min wata 'yar ƙarama da ba ta kai faɗin faranti ba, ya ce Core i7 ce tokumbo, sai dai a haɗa ta da allo da kibod. Maigida ya ce wannan kayan wasan yara ne, laftof za a saya, tunda tana da batir kuma shi ma zai riƙa tafiya da ita shagonsa na hatsi a Katako. Babban ɗanmu zai zana JAMB baɗi, shi ma laftof yake so. Ni kuwa raina ya kwanta da ƙaramar. Ina tsoron a cuce ni, kuma ba na son kwamfuta ta kawo ɓacin rai a gidana. Yau kwana uku maganar tana tsaye. Ki ba ni shawara.

Ƙanwarki daga Unguwar Rogo.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya sa albarka a abin da kika tara. Mace ta yi watanni tana zubi, ta kwasa, ta wuce masu atamfa da leshi ta ce kayan aiki za ta saya, wannan ba ƙaramin tunani ba ne. Shi ya sa zan zauna in ba ki amsa da tsawo.

Ƙaramar ita ce ta dace da ke. Amma wadda aka nuna miki ɗin, kada ki ba da ko sisi sai kin ga lambobin da ke bin bayan wannan i7 da ake yi miki kirari da shi. Zan zo kan dalili.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, a na biyun na lura da abin da ba ki furta ba. Mutum uku ke son kwamfuta ɗaya, biyu daga cikinsu kuma wadda ake sawa a jaka suke so. Laftof ƙafa gare ta. Da safe za ta bi maigida Katako, da la'asar ta bi yaro gidan abokinsa, daren da tambayoyin aji shida suke jiranki kuma ki tarar an manto cajarta a shago. Ba mugunta ke kawo haka ba, duk abin da ake iya ɗauka a gidan da ke da jama'a haka yake ƙarewa. Ina jin shi ya sa ranki ya kwanta da ƙaramar. Aikinki a zaune yake, tebur ɗaya ne, bayan isha'i ko safiyar Asabar. Sannan a cikinta za ki zuba lissafin kuɗin mata 42. Wannan amana ce, ba abin da za a riƙa hawa keke da shi ana ratsa Taminus ba.

Batun cewa kayan wasa ce, ƙanƙantarta ce ta ruɗi maigida, kuma ba shi kaɗai ba. Waɗannan ƙananan da kike gani a shagunan tokumbo asalinsu na ofis ne. Dell ya kira nasa OptiPlex Micro, HP na da EliteDesk Mini da ProDesk Mini, Lenovo kuma ThinkCentre Tiny. Bankuna da asibitoci da ma'aikatu a Turai da Amurka ke sayensu da yawa, su mora wasu shekaru su sauya, 'yan kasuwa su kwaso mana. Faɗinta kamar santimita 18 ta kowane gefe, kaurinta bai kai santimita 4 ba, nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai. An ƙera ta ne don ta wuni a kunne a gaban akawu, kullum, shekara da shekaru. Ƙusa ɗaya ake kwancewa a zare murfin, mai gyara ya ƙara mata RAM, wato inda take riƙe aikin da ake kan yi, ko ya sauya ma'ajiya cikin minti goma. Ki tambayi duk mai gyaran laftof abin da aka fi kawo masa, zai ce miki batir, da maƙalin murfi da ya karye, da gilashi da ya fashe, da kibod da ya sha shayi. A ta girke kowanne daban yake. Auta ya zubar da kunu a kibod, sai ki sayi wani da kuɗi kaɗan ki ci gaba da aiki a ranar. Ga kuma idonki da wuyanki: a allo mai inci 22 za ki buɗe tambayoyi a gefe ɗaya, amsoshi a ɗaya gefen, ba ki sunkuya ba.

Sai dai akwai inda maigida ya fi ki gaskiya, kuma ina so ki amsa masa wannan da bakinki. Ba ta da batir. Ana ɗauke wuta take mutuwa, abin da ba ki adana ba ya tafi, idan kuma hakan ya yawaita wata rana Windows ɗin ma zai ƙi tashi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka kuɗin UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe ta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, yana cikin kuɗin kwamfutar, ba ƙari ba ne da za a ce sai an samu hali.

Sa'ar da aka yi, ba ta da ci. Furosesa, wato abin da ke sarrafa duk aikin kwamfuta, wanda ake sa wa irin waɗannan yawanci lambarsa tana ƙarewa da harafin T, alamar an tsara shi a kan wat 35, cajarsu kuma galibi mai wat 65 ce. A aikin rubutu da lissafi ba ta ma zuwa kusa da nan. Ki haɗa da allo, ki ƙiyasta duka wat 50. Ko awa takwas kika yi a kai ba ki ci rabin yunit ɗaya a mita ba. Dutsen guga mai wat 1000 yana jan ninkin wannan sau ashirin. Ƙaramin UPS mai 650VA ya ishe ki, amma ki san iyakarsa. Batirin da ke cikinsa ɗan ƙarami ne, galibi bolt 12 mai 7Ah, aikinsa ya riƙe ki wasu mintuna ki adana aikinki ki kashe cikin natsuwa, ko a samu a tayar da inji. Ba na raba dare ba ne. Sabo za ki saya, don batirin da ya daɗe a ajiye ba caji ya riga ya mutu a tsaye. Idan nasa ya yi sanyi bayan shekara ɗaya ko biyu, batirin kaɗai ake sauyawa. Kuma ki kafa doka tun ranar farko: kwamfuta da allonta kawai ake jonawa a jikinsa. Ban da fanka, ban da cajin wayoyin gida, ban da firinta mai aiki da garin tawada, wadda ke fizgar ɗaruruwan wat lokacin da take ɗumama.

Idan awanni kike so ba mintuna ba, wannan maganar batir da inbata ce. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da wat 1200 na awa guda. Irin na gargajiya ba a so a zuƙe shi fiye da rabi, don haka ki lissafa 600, ki cire ɗan abin da inbata ke ci, za ki samu wajen awa goma a kan wat 50 ɗin nan. In kuna da sola a gida ma da kyar za ta ji an ƙara mata kaya. In babu, ki bar wannan sai kwasar adashe ta gaba. Da ƙaramin janareta kuwa, a tayar da shi ya daidaita tukuna kafin a jona kwamfuta, a kuma kashe ta kafin a kashe shi.

Akwai abin da ya shafe mu mutanen Jos fiye da wasu, wato tsawa. Muna kan tudu, sama da mita 1200, daminarmu kuma kin san yadda take zuwa. Shekarun baya, lokacin ina da shagon buga takardu, wata la'asar cikin watan Agusta hadari ya haɗo, na kashe komai na zauna ina ganin na yi abin da ya kamata. Tsawa ɗaya aka yi. Da ruwa ya tsagaita na kunna kwamfutar da na fi dogaro da ita, shiru, da aikin mutane na mako guda a cikinta. A kashe take, amma fuloginta yana jikin bango. Har yau ina tuna yadda na bi masu aikin ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri. Kashewa ba ta wadatar. Da kin ga gabas ta yi baƙi, ki zare fulogi daga bango, in akwai wayar intanet a jikinta ita ma ki zare. Soket mai kare hauhawar wuta yana da amfani, ki saya, amma ƙarfin tsawa ya wuce shi.

Yanzu ga maganar i7, kuma nan ne aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Core i7 sunan zuri'a ne, ba ya gaya miki shekarun haihuwa. Tun 2008 kamfanin Intel yake fitar da furosesa mai wannan suna. Abin dubawa shi ne lambar da ke bayan ɗan karan tsakiya. Idan ta fara da 4, ɗan ƙarni na huɗu ne, na wajajen 2013 zuwa 2014. Idan kika ga i5-8500T, wannan ƙarni na takwas ne, na 2018, mai ƙwaƙwalwa shida a ciki, alhali wancan tsohon i7 ɗin huɗu gare shi. Mai shago zai ce miki bakwai ta fi biyar, ya ɗora kuɗi, ki ɗauki tsoho ki bar yaro. In lambar ta kai guda biyar, kamar 10500T, to biyun farko ake karantawa, ƙarni na goma ke nan, ya fi kyau in kuɗinki ya kai.

Me ya sa na tsaya a kan takwas? Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya rufe tallafin Windows 10, wato ya daina turo masa gyare-gyaren tsaro. An buɗe ƙarin wa'adin shekara guda ga waɗanda suka yi rajista, amma jinkiri ne kawai. Windows 11 kuma a ƙa'ida yana buƙatar furosesan Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, ko galibin Ryzen 2000 zuwa sama in na kamfanin AMD ne, tare da wani ɗan abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Wannan ne ya sa 'yan ƙarni na shida da na bakwai suka yi araha suka cika kasuwa, can ana rabuwa da su. Akwai dabarar da ake ɗura wa tsohuwar kwamfuta Windows 11 ta ƙarfi, za ta buɗe ki gan shi a allo, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da turo mata gyare-gyaren tsaro ba. Don haka ganin Windows 11 a fuskarta ba shaida ba ce. Ke da za ki ajiye lissafin kuɗin mutane, ki kuma shiga asusun banki a kanta, ba ki da dalilin ɗaukar wannan kasada.

Ga sunayen da za ki rubuta a takarda ki tafi da su. A Dell, OptiPlex 3060 ko 5060 ko 7060, ko abin da ya biyo bayansu. A HP, wanda aka rubuta G4 zuwa sama. A Lenovo, M720q ko M920q. Idan aka miƙo miki 3050 ko 7050, ko G3, ko M710q, waɗannan na shida da na bakwai ne, ki mayar cikin mutunci. Ko sunan ya yi daidai ma sai an duba cikinta, don wasu suna zuwa da Celeron ko Pentium. RAM kada ya gaza gigabait 8, in kin samu 16 ya fi. Ma'ajiya kuma SSD, wato wadda ba ta da faifai mai juyawa, daga gigabait 256. Za a iya kwaɗaita miki mai 500 ko 1000 a ce ta fi girma, ki tambaya ko mai faifai ce. Mai faifan nan tana juyawa ne a ciki, ga nawa ga rashin jure ɗaukewar wuta. Takardun rubutu ba sa cin wuri, 256 za ta ɗauke ki shekaru.

Ba sai kin yarda da bakin kowa ba. A kunna ta a gabanki, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga inda aka rubuta Performance. Nan za ki ga cikakken sunan furosesa, da yawan RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD, wato mai faifan nan. Wannan aikin ɗanki za ki ba shi. Ki ce masa shi ne idonki a shagon, ya riƙe takardar, ya karanta lambobin da ƙarfi. Yaron da aka ba wa wannan girma ba zai dawo gida yana fushin laftof ba.

Sauran abubuwan dubawa ƙanana ne, amma su ke mayar da mutum shago sau uku. Caja ta zama ta asali. Cajar Dell da ta HP suna da wani siririn tsinke a tsakiyar baki wanda ke shaida wa kwamfutar ƙarfin cajar, in ta jabu ce sai ta riƙa nuna gargaɗi ko ta rage wa kanta gudu, ki yi ta zargin kwamfuta alhali caja ce. Ki juya bayanta ki duba ramukan allo. Da yawa, musamman na HP, DisplayPort gare su ba HDMI ba, sun yi kama amma ba sa shiga juna, don haka a gwada ta da allon da za ki tafi da shi da kuma wayar haɗa su da za ki tafi da ita. Ofisoshin da suka yi amfani da su da wayar intanet suke aiki, shi ya sa wasu ba su da Wi-Fi sam. Ki kunna hotsifot a wayarki a nan cikin shagon ki ga ko za ta gan shi. In babu, akwai ɗan abin da ake soka wa a ramin USB, ba shi da tsada, amma a rage miki kuɗinsa. Ba ta da kyamara, ba ta da makirfo, in kina shiga taron Zoom sai kin saya daban. A sake kunna ta a shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo. In ta nemi kalmar sirri, ko kuma ta buɗe da sunan wani kamfani tana neman ma'aikacinsa ya shiga, ki bar musu kayansu komai arahar. In kwanan wata ne kawai ya rikice, wannan ɗan batirin CR2032 ne mai kamar kwabo, a sauya miki nan take. Ki bar ta ta yi minti ashirin tana nuna bidiyo, ki kasa kunne ga fankarta. A ƙarshe a rubuta rasit da lambar jikin kwamfutar da adadin kwanakin garanti, da biro, ba da baki ba.

Farashi yana bin dala, saboda haka ki taya a shago uku kafin ki tsayar. Ki yi ƙoƙari akwatin kansa kada ya wuce rabin kuɗinki da ɗan ɗoriya, sauran na allo da kibod da maus da UPS da filash ne, ki kuma rage wani abu a hannu. Za a ce miki a Banex da ke Wuse 2 a Abuja an fi samun zaɓi, gaskiya ne, amma ki lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, ki lissafa ranar da za ta ba da matsala. Mai shagon da za ki iya komawa wurinsa da ƙafarki ya fi miki. Turo kuɗi a aiko miki a mota kuwa cinikin biri a sama ne, kada ki fara.

Akwai sababbi dal ƙanana daga Sin, irin su Beelink, masu furosesa N100 da ya fito a 2023. Sun ma fi rashin cin wuta kuma sun isa aikin rubutu, sai dai masu gyaranmu sun fi sanin Dell da HP, kayan gyaransu ma sun fi samuwa. Mac mini na Apple, wanda aka fara fitarwa a 2005, na 2024 ɗinsa faɗin santimita 12.7 ne kacal kuma ya fito a kan dala 599. Kaya ne mai kyau, amma ya wuce aljihunki, ba a ƙara masa RAM bayan saye, kuma duk abokan aikinki a Windows suke.

Firinta ki jinkirta ta. Matsalar ƙugiya ba ta buƙatarta. A cikin Windows akwai kibod na Hausa, ki shiga saitin harshe ki ƙara Hausa, ki ƙara Larabci, sai ki riƙa sauyawa tsakaninsu da maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara. Na Larabci akwai 'yan sitika da ake mannawa a kan maɓallai har hannu ya saba. Idan kin gama rubutu ki adana shi a PDF, shi za ki kai shago. PDF yana tafiya da haruffansa, yadda kika rubuta haka zai fito, babu mai taɓa miki ƙ ko ɗ. Ki fi tura musu ta WhatsApp ko imel, don filash ɗin da ya shiga kwamfutar shago yakan dawo da ƙwayar cuta. In dole sai da filash, ki ware ɗaya na wannan aikin kaɗai. Kuma kada ki bari a cika miki ita da manhajojin sata da sunan kyauta. LibreOffice kyauta ne na halal, yana rubutu yana lissafi, Google Docs da Sheets ma haka, mai tsaron da ke zuwa cikin Windows kuma ya wadatar in ana barinsa yana sabuntawa.

Sanyin Jos alheri ne ga kwamfuta, ƙurar hunturu ce abokiyar gabarta. Ki ɗora ta a kan tebur, ba a ƙasa ko kan kafet ba. Kada a rufe ta da zane tana aiki, in an kashe a rufe. Bayan hunturu ya wuce a buɗe a hure mata fanka.

A falo za ki girke ta, fuskar allon tana kallon inda ake zama. Wannan kaɗai ya rage miki rabin damuwar abin da yara za su kalla. Ki buɗe wa kowa ƙofarsa: taki mai kalmar sirri, ita ce mai iko, ta maigida daban, ta yara daban wadda ba za su iya saka manhaja ba sai da izininki. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, abin da ɗanki yake buƙata shi ne hannunsa ya saba da maus da kibod, idonsa ya saba da agogon da ke ƙirga masa lokaci. A zaune a tebur ake samun wannan, awa ɗaya kullum a gabanki. Lissafin adashe kuma ya zauna a wuri uku: cikin kwamfutar, cikin filash da ke kulle a durowarki, da Google Drive, inda ake ba kowa gigabait 15 kyauta. Kuma kada ki jefar da littafin takarda. Matan da ke zubi sa hannunsu suka sani, shi za ki buɗe ranar da aka samu saɓani.

Saura maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Kuɗin naki ne, a addini ma dukiyar mace tata ce, babu jayayya. Amma ki riƙe wannan a zuciyarki, kada ya zama shi ne farkon abin da zai fito bakinki. Duk ranar da kika ce "ai kuɗina ne", maganar ta tashi daga kwamfuta ta koma wani wuri, kuma dawo da ita yana da wuya. Ki samu lokacin da ya ci abinci ya huta, ki fara da inda ya yi gaskiya. Ki ce masa kin yi tunanin maganar batir da ya kawo, kin ga haka ne, ga abin da kika gano a kan UPS. Sannan ki tambaye shi ainihin abin da yake son rubutawa a shago. Ina kyautata zaton buhunan da suka shigo ne, da waɗanda suka fita, da bashin da ke kan mutane. Wannan wayar da ke aljihunsa za ta yi shi. A buɗe masa Google Sheets, ya shigar da lissafi yana kasuwa, da dare ya zauna a falo ya ga komai a babban allo, har da jimillar da kwamfuta ta haɗa masa. In bai son latse-latsen waya, ya dawo da littafinsa yaron ya shigar masa, ya koyi kasuwancin mahaifinsa a hanya. Ki tuna masa ƙurar hatsi da cunkoson Katako, wurin da laftof ba za ta yi tsawon rai ba. In bayan wata uku ko huɗu ya ga lallai sai da ta ɗauka, shagon ya saya wa kansa, lokacin ya riga ya san irin wadda yake buƙata.

Ki roƙe shi ya raka ki shagon, ki bar masa ciniki. Mutumin da ya wuni yana taya buhu ya fi ni da ke iya karya farashi, kuma abin da mutum ya sa baki aka saya ba ya kiransa kayan wasa.

In duk da haka ya ƙi, kada ki saya a ɓoye. Kwamfutar da aka shigo da ita ta bayan gida, kullum ya gan ta a falo sai ransa ya sosu. Ki ɗaga maganar mako ɗaya ko biyu, ki sa kuɗin a asusun banki don kada hidimar gida ta riƙa gutsurarsu, ki nemi wani da yake jin maganarsa wanda kuma ya san kwamfuta, ƙaninsa ko abokinsa, ya kai shi ya ga irinta tana aiki a wani ofis. Gani ya kori ji.

Ranar da za ku je, ki sa tambayoyin zangon da ya wuce a jaka. Bayan ɗanki ya karanta lambobin, maigida ya gama ciniki, kafin a ƙirga kuɗi ki ja kujera ki zauna a gabanta. Ki sa a ƙara kibod na Hausa, ki buga tambaya ɗaya da hannunki, wadda ke da ƙ da ɗ da ɓ a ciki, ki adana ta a PDF ki tura wayarki ki buɗe. In ƙugiyoyin sun fito, a naɗe muku ita.